Inda Aka Binne Inna

Yalwawa, Dutse
12 ga Maris, 1994

Zuwa ga Yayata Dokta Laraba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Ya aiki, ya sanyin garin naku? Inna tana gaishe ki, Malam Abdulbaƙi yana gaishe ki, Mahbuba ma ta ce in gaida Anti mai tabarau.

Bayan haka, mun ji an naɗa ki shugabar tsangayar ilimi a jami'arku, wai ke ce mace ta farko da ta hau kujerar. Allah ya taya riƙo. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Tsangaya kuma? Laraba ta koma karatun allo?" Sai da na yi mata bayani, sannan ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Mu dai tun da aka ƙirƙiro jiha aka turo Malam daga Kano, muna nan cikin ɗaki biyu, ruwa sai 'yan garuwa. Na ɗauko Inna daga Kukar Sambo saboda yanar idon ta yi yawa, ta faɗa murhu sau biyu. Ran Lahadi mutanen cocinku suna zuwa su kai ta sujada su dawo da ita. Shekara goma sha biyu da na musulunta na auri Malam, bai taɓa ce mata uffan a kan addininta ba, wannan kam ki shaide shi.

Wadda ta kawo labarin naɗin naki Sista Brijit ce. Ta zo har gida, ta tsufa tukuf, an umarce ta ta koma ƙasarsu ta huta. Ta ce makarantar 'yan mata ta Kukar Sambo, wadda ta raine mu ni da ke, ba ta da mai riƙe ta. Ta ce, "Ki gaya wa Laraba, ban koya mata karatu don ta tafi da shi duka ba." Na ce zan isar, ga shi na isar.

Ni ban san darajar kujerarki ba, a aji uku na tsaya. Na dai san Inna tana ƙirga Kirsimeti uku ba ki zo ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki,
Mu'minatu

*

Tsangayar Ilimi
30 ga Afrilu, 1994

Ƙanwata Mu'minatu,

Na sami wasiƙarki, na gode. Ki gaida Inna da kyau, ki gaida Malam, ki shafa mini kan Mahbuba.

Na rubuta wa Sista Brijit da kaina na ba ta haƙuri. Ba zan iya zuwa yanzu ba. Malamai sittin da ɗaya ne a ƙarƙashina, kuma fiye da rabinsu suna jira su ga ranar da zan yi tuntuɓe. Ranar da na fara jagorantar taro, wani farfesa ya miƙo mini kofinsa in zuba masa shayi. Na zuba masa, sannan na nemi ya kawo sakamakon jarrabawar da ya riƙe wata bakwai. In na bar kujerar nan bayan wata biyu, ba ni kaɗai za a ce ta gaza ba, duk macen da ta nemi muƙami bayana da sunana za a rufe mata baki.

Ban manta Kukar Sambo ba. Ina da shekara tara Sistoci suka same ni ina korar tsuntsaye a gonar dawa. Amma makaranta mai aji shida wani ma zai iya riƙe ta. Wannan aikin kuwa in na saki, ba zai dawo hannun irinmu ba nan kusa.

Na yi magana da wani likitan ido a Kano, sunansa da ranar zuwa suna cikin takardar da na haɗo. Ki kai Inna. Zan yi ƙoƙari in zo a Disamba in yajin aikin da ake shirin yi bai ci hutun ba.

Allah ya tsare ku.
Yayarki,
Laraba

*

Gidan Mataimakiyar Shugaban Jami'a
9 ga Nuwamba, 1998

Ƙanwata Mu'minatu,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na san na daɗe ban rubuto ba.

Za ki ji a rediyo, gara ki ji daga gare ni. An naɗa sabon shugaban jami'a, ba ni ba ce. Wata goma sha ɗaya ina riƙon ƙwarya. Ni na buɗe makarantar bayan rikicin ɗalibai, ni na tsaya a bakin ƙofa na hana sojoji shiga ɗakin kwanan 'yan mata. Mu bakwai aka tantance, ni na zo ta ɗaya. Wanda ya zo na uku aka bai wa.

Wani dattijo a majalisar gudanarwa, wanda muke zama layi ɗaya a coci shekara goma sha takwas, shi ya zo ya gaya mini dalili. Ya ce, "Dokta, ba wanda yake shakkar aikinki. Amma mutanen jihar nan ba za su yarda a miƙa jami'arsu ga Bahaushiya ba." Na ce masa ni Katolika ce kamarsa. Ya yi dariya ya ce, "Haka ne, amma ki saurari sunan garinku."

Sabon shugaban ya roƙe ni in ci gaba da zama mataimakiyarsa. Na ƙi. Na miƙa takardar ajiye aiki ranar Juma'a.

Sista Brijit ta rasu a ƙasarsu bara, kin sani. Sistocin da suka rage su biyu ne, kuma har yanzu suna neman mai riƙe makarantar. Na amsa musu. Zan iso Kukar Sambo farkon Janairu. Kada ki gaya wa Inna yadda aka yi, ki ce mata kawai na dawo.

Yayarki,
Laraba

*

Yalwawa, Dutse
2 ga Disamba, 1998

Yaya Laraba,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Wallahi na yi kuka da na karanta wasiƙarki, sannan kuma, Allah ya yafe mini, na yi murna. Su suka yi asara.

Inna ta ce a share mata ɗakinta na ƙauye. Na ce mata ke a gidan makaranta za ki zauna, kuma jikinta ba zai ɗauki zaman ƙauye ba, ga asibiti a nan kusa. Aikin idon nan ɗaya ne ya yi kyau, ɗayan ya mutu gaba ɗaya.

Ga wata magana. Mahbuba za ta gama firamare bana. Malam da kansa ya ce in dai ke ce za ki riƙe makarantar, can zai kai ta, don ya ga yadda 'ya'yan manyan ofishinsu da suka yi can suke zuba Turanci. Sharaɗinsa ɗaya, salla da azumi. Na ce masa ai ko zamaninmu 'yan Musulmi sun fi yawa a ajin, kuma ba wadda aka hana salla.

Sai kin iso. Zan yi miki dambun zogale.

Taki,
Mu'minatu

*

Yalwawa, Dutse
20 ga Agusta, 2000

Yaya Laraba,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ba Zailani direban motar kasuwa wannan takarda don ba zan iya kallon idonki in faɗa ba.

Mahbuba ba za ta dawo ba in an koma hutu.

Kin san tun da aka ƙaddamar da shari'a a Ringim farkon watan nan gari ya canza. Ba zan ɓoye miki ba, ni na yi farin ciki da ita, har azumin godiya na yi. An rufe gidan giyar da ke bayan layinmu, mata suna wucewa ba mai tare su. Amma akwai masu neman abin faɗa. An ce wata yarinya 'yar makarantarku ta koma gida hutu tana rera waƙar coci tana wanke-wanke. Daga nan magana ta zama wai kuna yi wa yara baftisma a ɓoye. Ranar Juma'a bayan an sauko, wani ya tare Malam a gaban mutane ya ce, "Kai da surukarka take zuwa coci daga gidanka, 'yarka kuma tana hannun Sistoci, da wane baki za ka yi mana maganar shari'a?" Malam ya dawo ko abinci bai ci ba.

Ya san ƙarya ce. Ya zaunar da Mahbuba ya tambaye ta, ta ce ke da kanki kike zagayawa da asuba kina tashin su salla. Ya ce ya yarda, amma shi a garin nan yake zaune.

Yarinyar kwana biyu tana kuka. Ta ce ke kika ce mata za ta iya zama likita.

Mutanen coci ma sun daina zuwa ɗaukar Inna, sun ce ba sa son su jawo mana magana. Ran Lahadi takan yi wanka ta ɗaura ɗankwalinta ta zauna a bakin ƙofar ɗaki har azahar.

Ki yi haƙuri, Yaya. Don Allah ki yi haƙuri.

Ƙanwarki,
Mu'minatu

*

Kukar Sambo
23 ga Agusta, 2000

Mu'minatu,

Na sami saƙonki. Ina gaida kowa.

Takardarku ita ce ta hamsin da huɗu daga iyayen da suka janye 'ya'yansu. Lokacin da na karɓi makarantar nan 'yan mata tamanin na tarar, na kai su ɗari da saba'in. Bayan rikicin Kaduna malamaina biyar 'yan kudu suka tattara suka tafi a mako ɗaya, har da mai koyar da lissafi, ni nake shiga ajin yanzu. Ban yi ƙorafi ba. Amma ban zaci takarda za ta fito daga gidanki ba.

Waƙar da ake magana a kai, waƙar haruffa ce da Sista Brijit ta koya mana, ke ma kin iya ta. Wasu dattawa sun haɗa kwamitin bincike a kan maganar, sun zo nan su tara. Na buɗe musu kowane ɗaki da kowane akwati. Na kai su masallacin da na sa aka gina bara, na haɗa su da Malam Tasi'u da na ɗauka yake koyar da addinin Musulunci. Babbansu ya ce, "Dokta, ba mu ga komai ba." Na ce to su rubuta haka su sa hannu. Ya ce za su duba. Har yau suna dubawa.

Ki gaya wa Malam ban riƙe shi ba. Ki gaya wa Mahbuba ta riƙe lissafi da kimiyya duk inda aka kai ta, littattafanta suna wurin Zailani.

Inna kuma zan zo in ɗauke ta. A nan akwai ɗakin addu'a taku ashirin daga ƙofata. Ki bar ni in gama da masu duba makarantu a Oktoba, in sami mai kula da ita in ina aji, sai in zo.

Laraba

*

Yalwawa, Dutse
Juma'a, 6 ga Afrilu, 2001

Yaya Laraba,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inna ta rasu jiya Alhamis da hantsi. Zazzaɓi ne ya kama ta ran Litinin, muka kai ta asibiti aka ba ta magani muka dawo. Ran Laraba na aika Zailani makaranta, Sista ta ce kin tafi kudu taron masu shirin kafa jami'ar Katolika, sai bayan kwana goma. Ba mu da lambar wayar inda kike.

Ba ta sha wahala ba. Ni ce a kanta.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta sauran. Inna ta yi kalmar shahada kafin ta cika. An yi mata wanka da sutura, an sallace ta bayan azahar, Malam da mutanen unguwa suka kai ta maƙabartar Musulmi. Mutane sun taru sosai.

Na bar wannan a hannun Sista ta ba ki da kin sauka. Muna zaman makoki har bakwai.

Allah ya ba mu haƙuri.
Mu'minatu

*

Kukar Sambo
17 ga Afrilu, 2001

Mu'minatu,

Na zo gidanki ran Asabar, kin gani. Na zauna cikin matan unguwarku, kowace ta kama hannuna ta ce in gode wa Allah, Inna ta yi kyakkyawan ƙarshe. Na amsa musu duka. Ke kuma kina ta shiga kina fita da kwanuka, ba ki yarda mun haɗa ido ba. Shi ya sa nake rubutowa.

Na san laifina. Na ce Oktoba, Oktoba ta wuce. Na ce bayan jarrabawa. Da aka kira ni taron jami'a na ce in na dawo. Ina can ina gardama a kan yawan kujerun majalisar jami'ar da ko tubali ba a aza ba, uwata tana mutuwa. Wannan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Amma Inna ta karɓi baftisma tana da shekara hamsin, bayan rasuwar Baba, ba wanda ya tilasta ta. 'Yan uwan Baba sun ƙwace mata gona a kan haka ba ta juya ba. A gidanki ta yi shekara bakwai tana jin kiran salla sau biyar a rana ba ta juya ba. A watan Fabrairu da na zo, ta sa na rantse Fada, limamin cocinmu, shi ne zai yi mata addu'a, kuma kusa da Baba za a sa ta.

In ta canza a sa'arta ta ƙarshe, hakkinta ne, zan yi shiru har in mutu. Ke kaɗai ce a ɗakin. Ina tambayarki tsakaninki da Allahn da kike bauta wa: me Inna ta ce?

Yayarki,
Laraba

*

Yalwawa, Dutse
29 ga Afrilu, 2001

Yaya,

Ina gaishe ki. Wannan ce takarda ta huɗu, uku na yaga.

Ba ta yi ba.

Ta nemi ruwa na ba ta. Ta ce, "Motar Laraba ce na ji?" Na ce a'a Inna, mai garuwa ne. Ta ce to. Na ɗora bakina a kunnenta ina karanta mata shahada, ina cewa Inna ki faɗa, Inna ki faɗa. Ta ɗago hannu ta shafa fuskata kamar yadda take yi in tana son ta gane ko waye. Shi ke nan. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Na fito tsakar gida, Malam yana tsaye, bayansa maƙwabta sun fara shigowa. Ya dube ni ya ce, "Ta samu ta faɗa?" Na ce e.

Zan iya ce miki zafi ne, kin san zafin watan nan, gawa ba ta kwana. Zan iya ce miki na aika coci aka ce Fada ya tafi Kano. Zan iya ce miki in na ce a'a ba mai ɗaukar ta a unguwar nan, sai dai mu sa ta a motar kasuwa, kuma Malam ba zai ƙara ɗaga kai a masallaci ba. Duk gaskiya ne. Amma ba su na tuna ba a lokacin. Shekara goma sha tara ina roƙon Allah a kowace sujada kada uwata ta mutu ba ta yi shahada ba. Da ya tambaye ni, abin da nake so ya zama shi ne ya fito daga bakina.

Na san alƙawarin da ta sa kika yi, ina bayan ƙofa na ji.

Na yi wa Malam ƙarya, na sa liman da jama'a sun yi salla a kan ƙaryata, na hana Inna kwanciya kusa da Baba. Ba na iya cin abinci. In na tayar da salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Malam yana cewa in rage kuka, ai Inna ta dace.

Bai sani ba. In kin ga dama ki gaya masa, ki gaya wa Fada, ki sa a tone. Ban san abin da zai biyo baya a garin nan ba in aka ji, ban san ko aurena zai kai gobe ba, amma ba zan ce kin zalunce ni ba.

Ban ce ki yafe mini ba. Kin tambaye ni ne na faɗa.

Ƙanwarki,
Mu'minatu

*

Kukar Sambo
21 ga Yuli, 2001

Mu'minatu,

Ina gaisuwa.

Jiya muka sallami yara. Su talatin da ɗaya suka rage, an raba su wasu makarantu, Sistoci za su koma Kano. Na kulle ajujuwan da hannuna. An ba ni shugabancin sabuwar jami'ar, na karɓa. Ran Litinin zan tafi.

Na je maƙabartar. Mai gadi ya ce mata ba sa shiga, na tsaya a bakin katanga. Ya nuna mini layin watan Afrilu daga nesa. Ruwan sama ya daidaita su, ban gane wanne ba ne. Na yi mata addu'ar da na iya daga nan.

Ba wanda za a tone. Ban gaya wa Fada ba, ba zan gaya wa Malam ba. Na ƙone wasiƙarki, ke ma kada ki sake rubuta maganar ko ki faɗa wa wani.

Ba zan biyo ta Yalwawa ba, ban iya ba tukuna. Ki ci abinci.

Adireshina yana bayan takardar nan.

Yayarki,
Laraba